Koko da Jijiyoyin Jini: Abin da Gwaji Ya Nuna a kan Masu Ciwon Sukari

Gabatarwa

A shekarun nan wata magana ta bazu a jaridu da gidajen rediyo, cewa koko, watau ɗan itacen nan da a ke yin cakulan da shi, yana saukad da hawan jini, yana kuma gyara jijiyoyin masu ciwon sukari. Maganar tana da tushe, gama likitoci sun yi fiye da shekara 20 suna gwaje-gwaje a kanta. Amma tsakanin abin da gwaji ya nuna da abin da ya iso kunnen jama'a akwai rata mai yawa, cikin wannan rata kuwa mutum yana iya hasarar idonsa, ko ƙafarsa, ko ransa, in ya ajiye maganin asibiti ya dogara ga shan koko. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne ke da wannan ciwo a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, fiye da rabinsu kuwa ba su san suna da shi ba. Malamin da ke horad da malamai lalle za a yi masa wannan tambaya, ko a aji ko a zaure. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana abin da ke cikin koko, da yadda ya ke taɓa jijiya, da iyakar abin da aka tabbatar.

1. Gyaran kalmomi

Kafin a shiga zance ya kamata a daidaita kalmomi huɗu, domin a nan ne ruɗani ya kan fara.

Ta farko ita ce koko. A rubutun boko wannan kalma tana nufin abin shan nan na gero ko dawa da a ke karin kumallo da shi, wanda har a biranen Gana a ke sayarwa da sunan Hausawa. Tana kuma nufin ɗan itacen kurmi, wanda sunansa aro ne daga Turanci. In maɗaba'a ba ta da haruffa masu lanƙwasa, har ƙoƙon ƙwarya ya kan shigo cikinsu. A wannan takarda koko na kurmi kaɗai a ke nufi. Kokon gero ba shi da rabo a cikin abin da za a faɗa, ga mai ciwon sukari ma abu ne da ke ɗaga sukarin jini da sauri.

Ta biyu ita ce jijiya. Bahaushe ya kan kira hanyar jini jijiya, da zaren da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, da agarar da ke haɗa tsoka da ƙashi, duka da suna ɗaya. Wadda a ke nufi a nan ita ce mai ɗaukar jini daga zuciya zuwa jiki, wadda a ke jin bugunta a wuyan hannu.

Ta uku ita ce matsin jini, watau ƙarfin da jini ya ke tura bangon jijiya da shi. Ana auna shi da lamba biyu, ta sama sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa sa'ad da ta saki. Ma'aunin shi ne milimita na zaiba, amma don sauƙi za a riƙa cewa maki. Lafiyayyen mutum ya kan sami wajen 120 bisa 80. In awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye, shi ne hawan jini.

Ta huɗu ita ce magani. Wannan kalma tana da faɗi ƙwarai a Hausa, ta haɗa abin da ke warkarwa, da abin da ke tsarewa, da abin da ke ɗan taimakawa. Mai fassara in ya ce koko maganin hawan jini ne, mai sauraro ma'anar farko zai ɗauka, alhali kuwa ko ta ukun ma sai da sharaɗi.

2. Asalin koko

Itacen koko ɗan Amurka ta Kudu ne. Masu tonon kufai sun sami alamarsa a jikin tukwane a ƙasar Ikwado, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara 5,300. Mutanen Maya da Aztek na Meziko da maƙwabtanta sun kan niƙa ƙwayar su dama da ruwa, su sha da ɗacinta. A 1753 masanin tsire-tsire Linnaeus ya raɗa wa itacen suna Theobroma, ma'anarsa a harshen Girka abincin alloli. A 1879 wani maƙeri, Tetteh Quarshie, ya kawo iri daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong, ba a kai 1912 ba ƙasar Gana, wadda a lokacin a ke kira Gold Coast, ta wuce kowace ƙasa noman koko. A 'yan shekarun nan Kodebuwa da Gana su biyu su kan ba da fiye da rabin kokon duniya, a Afirka kuma Nijeriya da Kamaru suna biye. Koko da goro 'yan gida ɗaya ne a lissafin masana tsire-tsire, kurmin da fataken goro suka saba shiga kuwa shi ne ya zama ƙasar koko. Dangantakar ta kai har ga ɗanɗano: baurin da a ke ji a goro da wanda a ke ji a ɗanyar ƙwayar koko daga sinadarai iri guda su ke fitowa, su ne kuwa abin maganar wannan takarda.

3. Yadda jijiya ta ke buɗewa, da ɓarnar ciwon sukari

Jijiyar jini tana da rai, tana buɗewa tana tsukewa gwargwadon bukatar jiki. A bangonta akwai zoben tsoka, daga ciki kuma akwai wata shimfiɗa siririya ƙwarai, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak, ita ce jini ya ke gogawa. An daɗe ana zaton wannan shimfiɗa daɓe ne kawai. A 1980 Robert Furchgott na birnin New York ya nuna cewa in aka kankare ta daga jijiyar zomo, jijiyar ba ta ƙara saki ko an zuba mata abin da ke sa ta saki. Ashe shimfiɗar ce ke fitad da wani abu da ke umurtar tsoka ta sassauta. Daga baya aka gane abin wata iska ce mai suna naitirik oksaid, wadda ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ta ɓace. Saboda wannan aka ba Furchgott, da Louis Ignarro, da Ferid Murad lambar Nobel a 1998. Banda buɗe jijiya, wannan iska tana hana jini daskarewa a inda bai kamata ba, tana kuma hana ƙwayoyin jini manne wa bango.

Ciwon sukari yana ɓata wannan tsari ta hanya uku. Da fari, in sukari ya yi yawa a jini, ƙwayoyin shimfiɗar su kan haifi waɗansu sinadarai masu cin abu kamar tsatsa, su kuwa su kan cinye iskar kafin ta kai ga tsoka. Na biyu, insulin, watau ruwan da jiki ya ke sarrafa sukari da shi, yana cikin masu zuga shimfiɗar ta fitad da iskar; a nau'i na biyu na ciwon, wanda ya fi kama manya, jiki ba ya jin kiran insulin sosai, saboda haka wannan zuga ta kan yi rauni. Na uku, sukari ya kan manne wa zaruruwan bangon jijiya a hankali, har bango ya ƙandare kamar fatar da ba ta sami jima ba. Jijiyar da ta ƙandare, ba ta kuma iya saki, dole matsin jini ya hau a cikinta. Shi ya sa ciwon sukari da hawan jini galibi tare a ke samunsu, mai ciwon sukari kuma haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki a kansa ya kai wajen ninki biyu na wanda ba shi da shi.

Likitoci suna da dabarar auna lafiyar shimfiɗar ba tare da yanka ba. A kan ɗaure hannu da ɗamarar awon jini har minti 5, jini ya tsaya, sa'an nan a saki. Sa'ad da jini ya kwararo, sai jijiyar damtse ta buɗe, a duba yawan buɗewar da na'ura mai hango cikin jiki. Ta mai ciwon sukari ba ta kan buɗe kamar ta lafiyayye ba. Za a kira wannan awon buɗewa.

4. Abin da ke cikin ƙwayar koko

Wajen rabin nauyin ƙwayar koko mai ne. Cikin sauran akwai tiyoburomin, ɗan'uwan kafeyin da ke cikin goro da gahawa, amma bai kai shi hana barci ba. Akwai kuma dangin sinadarai masu bauri da a ke kira filabanol, waɗanda a ke samu har wa yau a ganyen shayi, da tuffa, da inabi. Babba cikinsu a wannan zance shi ne efikatecin. In an sha koko, hanji ya kan tsotse shi, jiki ya sāke masa kama, ya kai matuƙar yawansa a jini bayan awa ɗaya ko biyu, kafin kwana guda kuwa galibinsa ya fita ta fitsari. Waɗansu filabanol ɗin a sarƙafe su ke da juna, sun yi wa hanji girma, sai ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji sun farfasa su tukuna.

A 2003 Naomi Fisher da Norman Hollenberg na Jami'ar Harvard suka nuna cewa koko mai yawan filabanol yana buɗe jijiyoyin lafiyayyun mutane, in kuma aka ba su maganin da ke hana jiki yin naitirik oksaid, sai buɗewar ta ɓace. A 2006 Hagen Schroeter da abokan aikinsa suka ba mutane efikatecin tsantsa, ya yi aiki irin na kokon. Da haka aka san mai aikin, aka kuma san ƙofar da ya ke bi.

5. Mutanen Kuna da awon matsin jini

Abin da ya ja hankalin Hollenberg tun farko shi ne mutanen Kuna, mazauna tsibiran San Blas a gaɓar ƙasar Fanama. Ya ba da rahoto a 1997 cewa hawan jini ƙalilan ne a cikinsu, matsin jininsu ba ya hawa da tsufa, ko da ya ke suna cin gishiri. 'Yan'uwansu da suka ƙaura birnin Fanama kuwa sun zama kamar sauran mutanen birni, wannan ya nuna abin ba gado ba ne. Mazauna tsibiri su kan sha wajen kofi 5 na koko a yini. Amma fa suna cin kifi da 'ya'yan itace fiye da na birni, suna tuƙin jirgin ruwa suna noma, saboda haka ba a iya ware rabon koko daga rabon sauran.

Hanyar warewa ita ce gwajin ƙuri'a. A kan raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kashi ɗaya abin da a ke gwadawa, ɗayan a ba shi makamancinsa wanda ba shi da sinadarin, in da hali kada mai sha ko mai awo ya san wanda ya sami wane. A 2007 Dirk Taubert na birnin Kolon a Jamus ya gwada mutum 44, ya ba rabinsu giram 6.3 na baƙin cakulan kullum har mako 18. Lambarsu ta sama ta sauka da maki 2.9, ta ƙasa da 1.9. A 2017 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta auna ingancinsu, ta haɗa gwaji 35 na mutum 1,804. Ta sami saukar wajen maki 1.8 a sama da 1.8 a ƙasa, a masu hawan jini kuwa saukar ta sama ta kai wajen maki 4. Galibin waɗannan mutane ba su da ciwon sukari, babu kuma gwajin da ya wuce mako 18.

6. Gwaji a kan masu ciwon sukari

Gwaji uku sun isa su nuna inda maganar ta tsaya. Na farko shi ne na Jan Balzer da Malte Kelm a Jamus, wanda aka buga a 2008. Sun fara da mutum 10 masu nau'i na biyu na ciwon, suka ga awa 2 bayan shan koko awon buɗewa ya tashi daga kashi 3.7 cikin 100 zuwa 5.5. Sa'an nan suka raba mutum 41 da ƙuri'a, waɗansu suna shan miligiram 321 na filabanol sau uku a yini, waɗansu miligiram 25, har kwana 30. Awon buɗewar masu shan mai yawa ya ƙaru da kashi 30 cikin 100 na yadda ya ke da. Wannan lamba jaridu suka ɗauka, amma tana bukatar fassara: jijiyar da ke buɗewa da kashi 3 da 'yan kai ta koma buɗewa da kashi 4 da 'yan kai ke nan. Matsin jininsu kuwa, da sukarin jininsu, ba su canja ba.

Na biyu an yi shi a Jami'ar East Anglia ta Ingila, aka buga a 2012. Mata 93 masu ciwon sukari, waɗanda haila ta ɗauke musu, suka cika shekara guda a cikinsa, kashi ɗaya suna cin giram 27 na cakulan da aka ƙara wa filabanol da wani sinadari na waken soya. Jikinsu ya ɗan ƙara jin insulin, mugun kitsen jini ya ɗan ragu, matsin jini bai sauka ba. Tun da sinadari biyu aka haɗa, ba a iya cewa koko kaɗai ya yi aikin.

Na uku a Jamus kuma, a 2018. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta yarda tun 2012 cewa miligiram 200 na filabanol a yini, watau abin da ke cikin giram 2.5 na garin koko mai ƙarfi, yana taimaka wa jijiya ta riƙe buɗewarta. Sai aka ɗauki mutum 42 masu ciwon sukari da hawan jini, dukansu suna kan magani, aka gwada wannan adadi har mako 12. Ba a ga canji ba a matsin jini, ko sukari, ko kitsen jini. Ana zaton dalili shi ne magungunan da su ke sha sun riga sun yi aikin da koko zai yi.

7. A ɗora a kan sikeli

Awon buɗewa alama ce kawai. Abin da majiyyaci ya damu da shi shi ne kada ya shanye, kada ya makance. Gwaji mafi girma da ya nemi amsar wannan shi ne COSMOS na Amurka, wanda aka buga a 2022. An raba tsofaffi 21,442 da ƙuri'a, rabi suna haɗiyar ƙwaya mai miligiram 500 na filabanol kullum, aka bi su wajen shekara 3 da rabi. Cututtukan zuciya da jijiya gaba ɗaya sun ragu da kashi 10 cikin 100, amma bisa ƙa'idar lissafi wannan ragi bai wuce abin da dace kawai zai iya kawowa ba. Mutuwa ta dalilin waɗannan cututtuka ta ragu da kashi 27, sai dai ba ita ce babbar tambayar da aka shirya gwajin dominta ba, masu gwajin da kansu suka ce a ƙara bincike. Rahotonsu na 2023 ya nuna ƙwayar ba ta hana kamuwa da ciwon sukari ba. Kamfanin Mars mai yin cakulan yana cikin waɗanda suka ba da kuɗin aikin. A wannan shekara ta 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a ambaci amfanin garin koko mai yawan filabanol ga zuciya, da sharaɗin a rubuta cewa hujjar kaɗan ce ƙwarai.

A gefe guda kuma ga gwajin UKPDS na Birtaniya, wanda aka buga a 1998. An raba mutum 1,148 masu ciwon sukari da hawan jini, aka tsananta wa kashi ɗaya magani har matsin jininsu ya tsaya a 144 bisa 82, ɗayan kashin yana 154 bisa 87. Wannan bambanci na maki 10 ya rage shanyewar jiki da kashi 44 cikin 100, ya rage mutuwar da ta danganci ciwon da kashi 32, ya rage lalacewar ƙananan jijiyoyi, galibi na ido, da kashi 37. Ƙwayoyin da aka yi aikin da su masu araha ne, suna nan a asibitoci. Maki 2 na koko, wanda ma ba a same shi ba a gwaje-gwajen nan uku na masu ciwon sukari, ba ya tsayawa a madadin maki 10.

8. Daga gona zuwa kofi

Sauran abu ɗaya: kokon da aka yi gwaji da shi dabam ne da na kanti. Filabanol shi ne bauri, duk aikin sarrafa koko kuwa nufinsa korar bauri. Manomi a Gana ko ƙasar Yarbawa ya kan fasa ƙwanso, ya tara ƙwaya, ya lulluɓe da ganyen ayaba kwana 5 ko 6 ta tsima, kamar yadda a ke rufe kalwa kafin ta zama daddawa. A nan efikatecin mai yawa ya ke lalacewa. Shanya a rana da suya a masana'anta su ƙara ragewa. Sa'an nan akwai dabarar da aka gada daga gidan van Houten na ƙasar Holan, wanda ya ƙago matsar man koko a 1828: a kan jiƙa koko da gishirin toka, dangin kanwa, don ya yi duhu ya narke da sauƙi. Awon da aka buga a 2008 ya nuna wannan jiƙo yana cinye daga kashi 60 zuwa wajen 90 cikin 100 na filabanol. Duhun gari ba shaida ba ne, haka kuma lambar da a ke rubutawa a bayan cakulan yawan koko ta ke faɗa, ba ta faɗin yawan filabanol.

Garin gwangwanin da mai shayi ya ke haɗawa da madara kuwa, galibinsa sukari ne da tsiron hatsi da madara, koko ɗan kaɗan ne. Baƙin cakulan ma giram 100 nasa ya haura kalori 500. Mai ciwon sukarin da ya bi wannan hanya yana neman filabanol zai sha sukari da mai tabbas, filabanol kuwa wataƙila. Kama da wane ba ta wane.

9. Abin da ya dace a koyar

Filabanol na koko yana sa shimfiɗar jijiya ta ƙara fitad da iskar da ke buɗe ta, an ga haka har a masu ciwon sukari. Saukad da matsin jininsa kaɗan ne a sauran mutane, a masu ciwon sukarin da ke kan magani kuwa bai tabbata ba. Mai ciwon da ke son koko yana iya dama ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na gari tsantsa, wanda ba a jiƙa da toka ba, ba tare da sukari ba, ya lissafta shi cikin abincinsa. In ƙodarsa ta taɓu sai ya shawarci likita tukuna, gama koko yana da gishirin fotasiyam da yawa. Shayi marar sukari ma yana ba da filabanol, ya kuma fi sauƙin samu. Goro yana da nasa, amma kafeyin ɗinsa yana ɗaga matsin jini na ɗan lokaci. Abubuwan da hujja ta ƙarfafa su ne shan magani kullum, da yawan awo, da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini, da motsa jiki na minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta, da barin taba.

Malamin da aka kawo wa labarin wani abinci mai warkarwa yana iya koya wa ɗalibansa su yi tambaya uku: me aka auna, a jikin wa, da wane irin abu? In suka sami amsa, sa'an nan su zaɓi kalmar Hausa da ta yi daidai da ita. A zancen koko kalmar ita ce yana ɗan taimaka wa jijiya, kalmar magani kuwa a bar ta ga abin da likita ya rubuta.